Mai Hakki a Turken Baffa

Baffa ya rasu ranar Talata da hantsi, a tsakiyar bazara, lokacin da kowa a ƙauyenmu yake ta kai taki gona kafin ruwa ya sauka. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Daga Allah muke, can kuma za mu koma. Na faɗi haka a waya sa'ad da aka gaya mini, na sake faɗa a motar Ɗanbatta, na kuma faɗa a kan babur ɗin da ya ƙarasa da ni gida, amma ƙirjina shiru. Ji nake kamar an aike ni kasuwa na manta abin da aka ce in sayo. Har yau da nake wannan rubutu ban yi kuka ba, kuma na daina jira.

Yayan mahaifina ne. Shi ya riƙe ni tun ina ƙarami bayan mahaifina ya rasu, shi ya sa ni a makaranta, a gidansa na yi wayo. Yanzu ina koyarwa a wata sakandare a Bacirawa, kuma duk abin da na zama da hannunsa a ciki, har da saurin fushina.

Maza suka zauna makoki a gindin darbejiyar ƙofar gida. A zo a yi addu'a a shafa, a ce "ya haƙuri?" mu ce "da godiya," a ɗan yi shiru don kara, sannan hira ta koma kan tsadar takin zamani. Ban ga laifinsu ba, ni ma sauraro nake. Wani dattijo ya ce, "Mutumin kirki ne, sai dai fa kafiya." Wani mai amalanke ya ce, "Yanzu sai mu yi lodi yadda muka ga dama, ba mai tare mu a hanya." Ya yi dariya, dariyar ta maƙale masa, ya cire hula ya share fuska da ita. Akwai kuma wani baƙo mai waya biyu a hannu, ya yi ta'aziyya yadda ya kamata, ya ja doguwar addu'a, amma idonsa na kan dangar da ake hango turke ta samanta. Daga baya na ji ashe dillalin jakuna ne.

A cikin gida kuwa, Inna, matar Baffa, tana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta, lulluɓe, da carbi a hannu. Ita ma ba ta yi kuka ba. Duk wanda ya wuce ta gabanta daga cikinmu sai ta ɗago kai ta ce, "Ya ci?" Matan da suka zo gaisuwa wasu suka ɗauka baƙi take nufi, suka ce mata ta kwantar da hankalinta, an fitar da tuwo. Wata tsohuwa daga Kunci ta ɗauka mamacin take tambaya, ta fashe da kuka tana cewa mutuwar ta taɓa wa Inna kai.

Jakin take tambaya.

Duna sunansa, don baƙi ne. Tsoho ne tukuf, ya haura shekara ashirin a gidan, ido ɗaya gare shi, kuma ya daɗe da daina ɗaukar mangala. Tun da Baffa ya kwanta Duna ya rage ci, tun da aka fita da makara kuwa ya daina gaba ɗaya. Ruwa kaɗai yake ɗan tsotsa. An zuba masa harawa, an kawo dusa, ya tsaya da kai a ƙasa kamar wanda ake yi wa faɗa.

Yaya, babban ɗan Baffa, wanda gidan ya koma hannunsa, ya riga ya yanke magana tun daren farko: in jakin bai ci ba zuwa ranar kasuwar Ɗanbatta, zai miƙa shi ga dillali kafin ya mutu a turke. Kowa ya san inda tsofaffin jakuna suke zuwa yanzu. Ba mai sayensu don aiki. A loda su a tirela a yi kudu da su, fatar ake so. Ita kuwa Inna ba sayarwar kaɗai ce ta hana ta sakat ba. A wurinta, in Duna bai ci ba, to bai yafe wa Baffa ba, kuma Baffa yana can kwance da hakki a wuya. Wanda bai san Baffa ba zai ce wannan shirme ne. Shi ya sa nake so in faɗi ko wane ne shi.

Kada wani ya ɗauka mutum ne mai sanyi. Masifaffe ne, muryarsa kafin ya shigo gida take shigowa, kuma kafin muryar akwai gyaran murya, wani "ehem" mai kauri da kowa a unguwa ya sani. In muka ji shi sai kowa ya kama kansa, har kaji. Ba kuma wai yana shagwaɓa dabbobi ba ne. Yana sayar da akuya in buƙata ta taso, yana yanka ragon layya da hannunsa. Sai dai ya zaga bayan gida ya wasa wuƙar inda ragon ba zai gani ba, kuma in yara suka taru suna tsalle suna ihu sai ya kore su, ya ce ba biki ake yi ba tukuna.

A hanya aka fi saninsa. In ya ga an yi wa jaki lodin da ya fi ƙarfinsa sai ya tsaya a tsakiyar hanya ya dogara sanda.

"Sauke masa."

"Haba Baba, sauri nake yi."

"Shi ka tambaye shi ko sauri yake?"

Sai an sauke. Mutane da yawa sun zage shi a bayan ido saboda haka. Abin da ba su cika faɗa ba shi ne, sau da yawa rabin kayan da aka sauke a kan Duna yake ɗora shi, ya bi mutum har gonarsa ya juye masa, ya juyo ba tare da ya jira an gode ba. In aka gode ma sai ya ɓata rai. Masu rataya kaji a babur kai a ƙasa kuwa, waɗannan bai iya tsayar da su, sai dai ya bi su da ido da baƙar magana har su ɓace.

Ban taɓa jin ya ce "tausayi" a kan dabba ba. Kalmarsa ita ce hakki. Yakan ce tausayi sai ka ga dama, hakki kuwa ko ka so ko ka ƙi yana wuyanka. "Mutum in ka cuce shi, ka ɗauki dattijo ku je, ya ce ya yafe, shi ke nan. Dabba fa? Bakinsa a rufe yake. Ranar da za a buɗe masa baki, kai naka ne a rufe." Haka yake faɗa yana tauna goro, ba wa'azi yake yi ba, kamar yana gaya maka farashin gero ne.

Asalin idon Duna kuwa, ina nan aka yi. Da damina ne, Yaya yana saurayi, Duna yana ɗan jaki mai ƙarfi. Baffa ya ce Yaya ya kai shi bakin fadama ya ɗaure. Yaya ya yi ɗaurin wasa ya tafi kallon ƙwallo, jakin ya kwance ya faɗa gonar gyaɗar maƙwabcinmu ya yi ɓarna. Maƙwabcin ya jawo shi har ƙofar gida yana ta ɗaga murya, mutane suka taru. Yaya ya dawo ya karɓi igiyar. Baffa ya ɗauki guntun sandan da ake kora jaki da shi ya wurga wa Yaya da iyakar ƙarfinsa. Yaya ya sunkuya. Sandan ya sami Duna a idon hagu.

Na tuna ƙarar da jakin ya yi, na kuma tuna yadda Baffa ya tsaya da hannunsa a sama bai sauke ba. Idon ya tsiyaye. Duna ya ƙi cin komai, kuma da ya ji takun Baffa sai ya ja da baya har igiya ta shaƙe shi. Daga nan Baffa ya fara wani abu. Kowace safiya in ya dawo daga masallaci sai ya ɗebi dusa da ɗan kanwa a tafin hannu, ya zagaya ta wajen ido mai gani don jakin ya san wanda ya zo, ya yi gyaran murya, ya ce, "Duna, ka yafe mini." Ya tsaya da hannu a miƙe har ya gaji. Ranar da Duna ya saka baki ya ci, Baffa ya shigo gida ya ce wa Inna, "Ya ci." Ita ce kawai maganar da ya yi a ranar.

Mun zaci an gama. Ashe an fara ne. Bai fasa ba ko safiya ɗaya, sai in ba ya gari, har ciwon ajali ya kwantar da shi. Da na girma na taɓa ce masa, "Baffa, ai ya ci tun tuni, roƙon na mene ne kuma?" Ya dube ni ya ce, "Idon ya dawo?"

Shi kuwa Yaya, Baffa bai ce masa komai ba, a ranar ko bayanta. Yaya ɗan fari ne, Baffa bai taɓa kiran sunansa ba, Inna ma haka. Ita "wancan" take cewa, shi kuma "wani mutum." In Baffa yana son ya gaya masa abu alhali suna tsakar gida ɗaya, sai ya juya wajen turke ya ce, "Duna, gaya wa wani mutum hadari ya haɗo, a kwashe shanya." Ko, "Duna, ka ce wa wani mutum tarin nan nasa ya yi yawa, asibiti ba don ado aka gina shi ba." Mu sai mu yi ta dariya. Yaya ba ya dariya, sai dai ya tashi ya yi abin da aka ce.

Bara da hutun makaranta wasu masu bincike daga wata jami'a suka zo yankinmu. Suna so su ji yadda mutane suke ɗaukar dabbobinsu, da kuma ko za su goyi bayan a yi dokar da za ta hana a wulaƙanta su. Shugabarsu wata malama ce 'yar kudu, mai natsuwa, Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba, sai aka ɗauke ni tafinta. Mun zaga ƙauyukan Ɗanbatta da Kunci, mun zauna da mahauta, da mata masu kiwon awaki, da masu shanun noma, ita tana tambaya, ni ina juyawa, wani yana danna amsa a waya. Wani mahauci ya ce a yi dokar, amma a fara gyara mayanka. Wata mata ta ce in an gama kula da mutane a zo a same ta a kan zancen akuya. Wani kuma ya ce duk abin da aka ce ya yarda, in dai za a kawo allurar shanu. Ni da kaina na ce mu je wurin Baffa, don na tabbata ga wanda zai faranta wa malamar rai.

Ya karɓe mu a zaure, ya sa aka kawo fura. Kalmar Turancin da ke cikin tambayar farko ni na fassara ta da "hakki," don ban sami wadda ta fi ta ba.

Na ce, "Baffa, wai tana tambaya, dabbobi suna da hakki?"

Ya ce, "Duk kuɗin makarantar da na biya, wannan ka zo ka tambaye ni? Ce mata e."

Malamar ta yi murmushi. Ta ce in tambaye shi yadda ya ɗauki jakinsa: dukiya ne, ko abokin aiki, ko kamar ɗan gida. Baffa ya ce duk ba ɗaya, mai hakki ne a kansa. Mai danna waya ya duba ya rasa inda zai sa, aka sa a "wani abu dabam." Sannan aka zo kan doka. Zai goyi bayan hukuma ta hukunta wanda ya cuci dabba?

"A'a."

Na zaci bai ji ba ne, na maimaita. Ya ce ya ji sarai. "In na fasa wa jaki ido, hukuma ta ci ni tara, jakin za a miƙa wa? Sai in biya in koma gida in miƙe ƙafa in ce na fita. Alhali ban fita ba. Dokar nan za ta koya wa mutane cewa abin yana da farashi."

Na juya mata. Sai ta ce in gaya masa da ladabi: shi yana tsoron ranar da yake faɗa, to masu loda jakuna a tirela fa, da ba sa tsoro? Jakunan da ke ciki su jira har lahira?

Ban taɓa ganin an rufe wa Baffa baki ba sai ranar. Ya daɗe yana juya ludayi a cikin ƙwarya. Can ya ce, "Yarinyar nan ta iya magana. Amma a rubuta a'a." Kafiyar da dattijon nan ya ambata a wurin makoki ke nan. Bayan sun fita na tsaya sallama, ya riƙe hannun rigata ya ce, "Tirelar nan, tana tsayawa a ba su ruwa?" Na ce ban sani ba. Ya ce, "Ka sani."

Na ga rahoton da suka fitar daga baya. Ba sunan kowa a ciki, haka ƙa'idar take, kuma daidai ne. Ba su yi ƙarya ba, abin da ya faɗa suka rubuta. Baffa yana can a cikin waɗanda ba su goyi bayan dokar ba, layi ɗaya da dillalai. In ban rubuta wannan ba, iyakar abin da takarda ta sani game da shi da dabbobi ke nan.

Ranar Asabar ɗin da ta gabaci rasuwarsa na zo duba shi. Jikin ya yi nauyi, shi ma ya sani. Da rana tsaka ya sa aka tara mu a ɗakinsa ya fara neman gafara ɗaya bayan ɗaya. Ya fara da Inna, ya bi 'ya'yansa mata, ya zo kaina, har matar Yaya sai da ya ce ta yafe masa faɗan da yake yi mata a kan hayaƙin murhu. Kowa yana cewa "ba ka yi mana komai ba, mun yafe." Yaya yana tsaye a bakin ƙofa. Idon Baffa ya kai kansa, ya tsaya, bakinsa ya motsa. Sai ya kau da kai ya ce, "A kai ni turke."

Muka ce magagin zazzaɓi ne. Mutumin da ko zama sai an tallafe shi. Inna ta ce to a jawo Duna ƙofar ɗaki, 'yan'uwana mata suka ce haba Inna, jaki a ƙofar mara lafiya, masu dubiya su ce me? Aka ce a bari ya ɗan ji sauƙi. Da na waiwaya bakin ƙofa, Yaya ba ya nan.

Ranar sadakar uku, bayan an watse, Inna ta aike ni in ce wa Liman tana son magana da shi. Ya shigo ya tsaya daga soro, ita tana daga ciki, Yaya ya zo ya jingina da bango.

Ta ce, "Malam, a wurin jana'iza na ji an ce kun yi shela, duk mai hakki a kan mamaci ya faɗa."

"An yi, Inna. Kowa ya ce ya yafe."

"Ba ku kuke cewa ba a raba gado sai an sauke hakkin da ke kan mamaci?"

"Haka ne."

"To ga mai hakki can a turke ba a tambaye shi ba. An ma sa shi a cikin kayan gado."

Liman mutum ne mai hankali, bai yi dariya ba. Ya ce, "Inna, ba zan gaya miki abin da ba shi ne ba. A shari'a jaki dukiya ne, magada suna da rabo a cikinsa. Cutar da dabba kuwa Allah zai tambaya, wannan ma gaskiya ne, sai mu yi ta roƙa wa marigayi Malam gafara. Amma in kina so ki ɗauki jakin a cikin tumuninki na gado, magada suka yarda, ba wanda zai hana."

Ta ce, "Na ɗauka."

Yaya ya ce, "Inna, in ya mutu jibi fa? Mushe kika ɗauka a rabonki ke nan. Ga ƙannena mata, kowace da hidimar gabanta. Ga harawa a bazarar nan sai mai hali. In yana ci ne, wallahi ban ce komai ba, ya zauna har Allah ya yi ikonsa. Amma ba zan zuba ido ya faɗi a banza ba, kuma ba zan bari ki cuci kanki ba." Ba wanda ya iya ce masa ƙarya yake yi. Liman ya yi addu'a ya fita, maganar tana nan inda take.

Da yamma na sami Yaya a bayan gida yana gyara kan garma, abin da ba a buƙata sai ruwa ya sauka. Na fara ba shi baki. Bai bari na kai ƙarshe ba.

"Kai ɗan lele ne, ba ka san komai ba. Sandan nan ni aka wurga wa. Da ban sunkuya ba, ni ne mai ido ɗaya a gidan nan. Ɗakina yana jikin turke, ka sani. Shekara da shekaru ba abin da yake tashe ni sai 'ka yafe mini, ka yafe mini.' Wa ake gaya wa? Jaki. Ran da zai tafi ya bi kowa, har matata. Ya zo kaina ya ce a kai shi wurin jaki." Ya buga guduma a kan ƙarfen. "Ba na ƙin dabbar nan. Amma na gaji da ganinsa."

Na tsaya ina kallon hannunsa, irin na Baffa sak, har da karkacewar ɗan yatsa.

Ranar kasuwa ta zo, Duna bai ci ba. Ƙashin haƙarƙarinsa duk ya fito. Rana ta ɗan ɗaga sai muka ji mota ta tsaya a ƙofar gida, dillalin ne da a-kori-kura. Inna ta kira ni.

Ta ce, "Kai da ka yi wa baƙi tafinta, je ka yi wa Baffanka."

Na ɗebi dusa da kanwa. Na zagaya ta wajen ido mai gani kamar yadda na sha gani, na miƙa hannu. Malamin sakandare, da gemuna, a gaban jaki. Na ce, "Duna, Baffa ya ce ka yafe masa." Ko kunne bai motsa ba. Na sake faɗa. Ƙuda ya sauka a kan dusar, ya tashi. A waje aka danna hon.

Yaya ya fito daga ɗakinsa da sabuwar igiya a hannu. Bai dube ni ba. Ya sunkuya zai kwance ɗaurin, ƙurar harawa ta shiga masa maƙogwaro, ya yi gyaran murya. Ni kaina sai da na waiwaya, don "ehem" ɗin Baffa ne, ba ragi. Duna ya ɗaga kunnuwa. Ya ɗago kai a hankali ya juyo da idonsa mai gani yana neman mai muryar.

Ashe Inna ta taso ta tsaya a kusurwar ɗakinta. Ba ta dubi Yaya ba, ni ta duba.

"Tambayi wancan, da can a ina turken nan yake?"

Na ce, "Yaya, wai a ina turken yake da?"

Yana sunkuye ya ce, "Bayan rumbu."

"Tambaye shi wa ya tone shi ya dawo da shi jikin ɗakinsa. Ya kuma tuna ko a wane sati ne."

Wannan ban maimaita ba. Ni ma sai lokacin na tuna. Satin da idon ya tsiyaye ne, Baffa da kansa ya yi haƙar, ya ce wai bayan rumbu akwai laima.

Inna ta ce, "Gaya masa mutum biyu Malam yake roƙo a nan kowace safiya. Ɗaya ne kawai bakinsa yake iya kiran sunansa. Ran Asabar ma da ya ce a kai shi turke, inda ya saba roƙon ya ce a kai shi." Ta gyara lulluɓi ta juya ta koma tabarmarta, ta ba mu baya.

Yaya ya daɗe a sunkuye. Aka sake danna hon, bai ɗago ba. Da ya miƙe sai ya ajiye igiyar a kan danga, ya kama hannuna ya juye dusar a nasa. Na matsa masa. Ya tsaya inda Baffa yake tsayawa, inda ƙasar ta ɗan lotsa saboda tsayuwar shekaru.

Ya ce, "Duna." Sannan ya ce, ƙasa-ƙasa, "Ni na yafe. Saura kai."

Jakin ya miƙo wuya. Ya shinshina, ya hura, rabin dusar ta tashi ta zuba a rigar Yaya. Ya sake shinshinawa. Sai na ga leɓensa yana motsi a cikin tafin hannun, na ji ƙarar kanwa a haƙori. Yaya bai motsa ba har hannun ya zama wayam, jakin yana lasa.

Daga kan tabarma, ba ta waiwayo ba, Inna ta ce, "Ya ci?"

Na buɗe baki zan amsa, don na saba ni ne tafinta. Yaya ya riga ni.

"Ya ci, Inna."

Ta sauke numfashi. Ta ce, "To. Allah ya jiƙan Malam, ya sauke masa abin da ya rage, wanda muka sani da wanda ba mu sani ba." Tun ranar Talata sai yanzu na ji ta fara addu'ar da bakinta, da can sai dai a yi, ita ta ce amin.

Muka ce amin. Yaya ya share hannu a riga ya ce in fita in ba dillalin nan haƙuri, in kuma dawo in ɗebo harawa. Na nufi zaure. Na duba ƙirjina, har yanzu shiru ne, na sa hannun da na riƙe dusar da shi a aljihu na fita.